Yadda Ake Zagaya Ƙauyukan Cinque Terre na Italiya da Jirgin Ƙasa, Jirgin Ruwa da Ƙafa

A gaɓar tekun lardin Liguriya, arewa maso yammacin Italiya, akwai wasu ƙauyuka biyar da aka gina a jikin tsaunuka masu gangarowa kai tsaye cikin teku. Italiyawa na kiran su Cinque Terre, ana furta shi "Cinkwe Tere", ma'anarsa ƙasashe biyar. In aka taso daga yamma aka nufi gabas, jerinsu shi ne Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola, sannan Riomaggiore. Na bar sunayen yadda Italiyawa ke rubuta su da gangan, domin haka matafiyi zai gan su a allunan tasha da kan tikiti. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1997, gwamnatin Italiya kuma ta mai da shi gandun ƙasa mai hukumar kansa a 1999. Mazauna ƙauyukan duka ba su wuce dubu huɗu ba, amma baƙin da ke ziyartarsu a shekara miliyoyi ne.

Wanda ya duba taswira zai ga tsakanin ƙauyen farko da na ƙarshe bai fi kilomita 12 ba ta hanyar ƙafa ta bakin teku, sai ya ɗauka abin wasa ne. A nan ne yawancin baƙi ke yin kuskure, domin a wannan yanki ba da kilomita ake auna nisa ba, da matakala ake auna shi, da zafin rana, da kuma yawan mutanen da ke tsaye a tasha. Saboda haka duk shirin da za a yi ya kamata a gina shi a kan tambaya ɗaya: a wace sa'a za a yi amfani da ƙafa, a wace sa'a jirgin ruwa, a wace sa'a kuma jirgin ƙasa?

Mataki na farko: a ajiye mota, a zaɓi masauki

Mota ba ta da amfani a nan. Titunan da ke saukowa ƙauyukan daga saman tsauni ƙanana ne masu yawan lanƙwasa, wuraren ajiye mota kaɗan ne kuma masu tsada, sannan ba a barin motar baƙo ta shiga tsakiyar gari. Wanda ya zo da motar haya ya bar ta a La Spezia ko a Levanto, garuruwan da ke bakin yankin ta gabas da ta yamma. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Pisa ya shiga jirgin ƙasa zuwa tashar La Spezia Centrale, tafiyar kamar sa'a guda ce. Daga Janowa kuma, wadda a allo ake rubuta ta Genova, ana biyowa ta Levanto. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen, wadda ake shiga Italiya da ita, tun kafin ya baro gida.

Game da masauki, ra'ayina shi ne mai neman sauƙin kuɗi da sauƙin kaya ya kwana a La Spezia ko Levanto kusa da tasha, ya riƙa shiga ƙauyukan da jaka ƙarama. Kwana a cikin ƙauyen yana da daɗinsa, musamman da asuba da bayan faɗuwar rana lokacin da taro ya watse, amma dole a tambayi mai masauki tun kafin a biya: matakala nawa ne daga tasha zuwa ƙofar ɗaki? Gidajen dogaye ne siriri, hawa uku ko huɗu, yawancinsu babu na'urar hawa bene, kuma akwati mai taya ba ya gungurawa a kan matakalar dutse. Monterosso ne kaɗai yake da shimfiɗaɗɗen wuri mai ɗan faɗi da bakin teku mai yashi, don haka shi ya fi dacewa da dattawa da masu ƙananan yara.

Mataki na biyu: a fahimci jirgin ƙasa

Jirgin ƙasa shi ne ƙashin bayan zirga-zirgar yankin. An buɗe layin dogon da ya ratsa ƙauyukan a shekarar 1874, kafin nan kuwa ba a isa gare su sai ta ruwa ko ta hanyoyin alfadarai. Mafi yawan layin a cikin ramukan da aka fasa a dutse yake, don haka kada a sa ran kallon teku ta taga. Sai dai a ga haske ya wulga, a ga shuɗin ruwa na ɗan daƙiƙoƙi, duhu ya sake rufewa. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba ana gudanar da jiragen da ake kira Cinque Terre Express tsakanin La Spezia da Levanto, suna tsayawa a dukan ƙauyukan biyar, kusan kowane minti 15 zuwa 20 da rana. Daga La Spezia zuwa Riomaggiore ƙasa da minti goma ne, tsakanin ƙauye da ƙauye kuma minti biyu zuwa biyar, layin gaba ɗaya kamar rabin sa'a.

Hanya biyu ce ta biyan kuɗi. Ko dai a sayi tikitin tafiya ɗaya kowane lokaci, ko a sayi katin gandun mai haɗe da jirgi, wanda ake kira Cinque Terre Treno Card, na kwana ɗaya, biyu ko uku. Tun daga 2024 farashin ya danganta da ranar: an raba kwanakin shekara kashi uku bisa yawan cunkoso, kuma a shekarar tikitin tafiya ɗaya ya kama daga Yuro 5 a ranakun sauƙi zuwa Yuro 10 a ranakun cunkoso, ko da tafiyar ta minti uku ce. Lissafin mai sauƙi ne. Wanda zai hau jirgi sau uku ko huɗu a yini, kuma zai bi ɗaya daga cikin hanyoyin ƙafa da ake biya, katin ya fi masa araha, domin ya ƙunshi jirgi ba iyaka tsakanin La Spezia da Levanto, da hanyoyin ƙafar, da ƙananan motocin bas na cikin gandun, da bayin tasha. Wanda kuwa zai je ƙauye ɗaya ya yini ya dawo, tikiti biyu sun ishe shi. Ana sayar da katin a ofisoshin gandun da ke tashoshi, amma sayensa ta intanet tun da dare ya fi, saboda layin da ake yi a La Spezia da hantsi yana iya cinye wa mutum jirgi biyu. Katin na mutum ɗaya ne da sunansa, don haka a riƙe takardar shaida.

Akwai abubuwa uku da ke jawo wa baƙi tara ko ɓacin lokaci. Na ɗaya, tikitin takarda na jiragen yanki sai an tura shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa ranar da sa'a kafin a shiga jirgi; in mai duba tikiti ya same shi babu wannan tambari, tara zai ci mutum, kuma cewa "ban sani ba" ba ta fid da kowa. Na biyu, katin ba ya aiki a manyan jirage masu dogon zango irin su Intercity, waɗanda wasunsu ke tsayawa a Monterosso. Na uku, ba kowane jirgin yanki ne ke tsayawa a kowane ƙauye ba, don haka a karanta jerin tashoshin a allo ko a manhajar Trenitalia, kamfanin jiragen ƙasa na Italiya. Kalmar da za a nema a allon ita ce "binario", wato lambar dandamalin da jirgin zai tsaya. Alƙibla biyu ce kawai: ko wajen La Spezia, ko wajen Levanto da Genova.

Tashoshin ƙanana ne, jiragen kuma dogaye. A Vernazza da Riomaggiore wani sashe na dandamalin yana cikin ramin dutse, ta yadda jirgi zai tsaya, mutum ya leƙa ya ga duhu, ya ɗauka ba a iso ba, alhali an iso. A tashi tsaye kafin a tsaya, a danna maɓallin ƙofa da hannu, domin ba kullum take buɗewa da kanta ba. Wajen shiga kuma, jama'a kan taru a daidai bakin matakalar tasha. Wanda ya daure ya taka zuwa ƙarshen dandamali, ko da cikin ramin ne, yakan sami tarago mai sarari. A cikin wannan turereniya ce 'yan sane ke aikinsu, don haka jaka ta koma gaba, fasfo da waya kada su kwana a aljihun baya. Sannan a kula da kalmar "sciopero", ma'anarta yajin aiki. Ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, kuma in ya faɗo a ranar da aka tsara, gara a mai da ita ranar ƙafa ko ta jirgin ruwa.

Sauka a tasha ba shi ne isa gari ba. A Riomaggiore da Manarola ana bi ta wani rami na masu tafiya a ƙafa kafin a ɓulla babban titi. A Monterosso tashar tana sabuwar unguwa mai suna Fegina, tsohon garin kuma yana bayan wani tudu, tafiyar kamar minti goma. Vernazza ce mai sauƙi, da an sauko matakala an shiga gari. Corniglia kuwa sha'aninta daban ne. Garin yana kan dutse, kimanin mita 100 sama da teku, tashar kuma tana ƙasa, kuma abin da ya haɗa su shi ne matakalar bulo mai suna Lardarina, mai lanƙwasa 33 da takawa kusan 380. Akwai ƙaramar bas da ke jiran jirage tana haurawa da mutane, kyauta ce ga mai kati. Shawarata a hau da bas, a sauko da ƙafa.

Mataki na uku: tafiyar ƙafa, kuma da sassafe

Shahararriyar hanyar da ta haɗa ƙauyukan ta bakin teku ita ce Sentiero Azzurro, wato shuɗiyar hanya, mai lamba 592 a taswirar gandun. Kashi huɗu ce, kuma ba kasafai ake samun dukansu a buɗe ba, saboda tsaunin ba ya zaune lafiya. Mutanen yankin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yanka jikin dutsen hawa-hawa, suna tare ƙasa da katangun duwatsu marasa siminti, suna shuka inabi da zaitun da lemun tsami. Da matasa suka bar noma suka koma birane da hidimar baƙi, katangun da ba a gyarawa suka fara zubewa, ruwan sama kuma ya sami hanyar kwasar ƙasa. Ranar 25 ga Oktoba, 2011, ambaliya da zaftarewar laka sun binne babban titin Vernazza da wani sashe na Monterosso, har aka yi asarar rayuka. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar gandun ba ta wasa da gargaɗin yanayi: in aka ayyana gargaɗi mai launin ruwan lemo ko ja, ana rufe hanyoyin gaba ɗaya. Don haka aikin farko na kowace safiya shi ne duba shafin hukumar gandun a ga wace hanya ce a buɗe.

Kashi biyu na farko ana biyan kuɗi a kansu a lokacin baƙi, kuma akwai rumfar masu duba kati a bakin kowanne. Wanda ba ya buƙatar jirgi yana iya sayen katin ƙafa kaɗai. Na farko shi ne Monterosso zuwa Vernazza, kimanin kilomita uku da rabi, sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. In aka taso daga Monterosso, hanyar tana farawa da doguwar matakala mai tsini wadda ke gwada numfashin kowa, daga nan ta miƙe ta cikin gonakin inabi, a wasu wurare ta ƙuntata har mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya raɓe. Ladan wahalar yana ƙarshe, lokacin da Vernazza ta bayyana a ƙasa da ƙaramar tashar kwale-kwalenta da hasumiyar gidan sarautar Doria a kan dutse. A wasu ranakun hutu masu cunkoso hukuma kan mai da wannan kashi hanya mai fuska ɗaya, daga Monterosso zuwa Vernazza, na wasu sa'o'i. Na biyu shi ne Vernazza zuwa Corniglia, tsawonsa kusan ɗaya da na farko, sa'a ɗaya da rabi, yana bi ta wani ɗan ƙauye mai suna Prevo a tsakiya, inda hanyar ta fi yin sama, fiye da mita 200 daga teku. Mai son rage hawa ya fara daga Corniglia, tunda ita can sama take, ya gangaro Vernazza.

Kashi na bakin teku tsakanin Corniglia da Manarola ya daɗe a rufe saboda zaftarewar ƙasa. Madadinsa ita ce hanyar sama ta ƙauyen Volastra, wadda ba a biyan kuɗi a kanta, kuma a ganina ta fi duk sauran kyau, domin tana ratsa tsakiyar gonakin da har yanzu ake nomawa, inda za a ga siririn dogon ƙarfe guda da manoma ke ɗora kwandunan inabi a kai lokacin girbi. Sai dai daga Manarola zuwa Volastra matakala ce fiye da dubu. Dabarar da masu hankali ke yi ita ce su hau bas daga Manarola zuwa Volastra, su taka shimfiɗaɗɗen sashen, sannan su gangara Corniglia.

Kashi na ƙarshe, tsakanin Riomaggiore da Manarola, shi ne Via dell'Amore, hanyar masoya, wadda ba ta kai kilomita ɗaya cikakke ba, shimfiɗaɗɗiya, an sassaƙa ta a jikin dutse a saman ruwa. An rufe ta a watan Satumba na 2012 bayan duwatsu sun rufto sun raunata wasu baƙi, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai a ƙarshen Yulin 2024. Bisa tsarin da aka sa a 2024, ba a shiga haka kawai: sai an kama gurbi na wata ƙayyadaddiyar sa'a, an biya ƙarin kuɗi a kan katin gandun, kuma ana shiga ne daga Riomaggiore a fita a Manarola. Wanda bai sami gurbi ba kuma yana da ƙarfin gwiwa, akwai tsohuwar hanya mai lamba 531 da ta haura tudun da ke tsakanin garuruwan biyu, kamar sa'a guda ta hawa da sauka masu tsanani. Jirgin ƙasa yana yin wannan zango cikin minti biyu.

Takalmi ba abin raini ba ne a nan. Tun 2019 hukumar gandun ta hana bin hanyoyin da silifas ko buɗaɗɗen takalmi, kuma tarar tana kamawa daga Yuro 50 har zuwa 2,500, domin masu aikin ceto sun gaji da ɗauko waɗanda suka gurɗe a wuraren da mota ba ta zuwa. A sa rufaffen takalmi mai kaushin ƙasa. Mai doguwar riga ko zane ya tabbata ƙafarsa na iya buɗewa sosai kuma gefen tufar ba ya jan ƙasa, saboda matakalar duwatsun ba daidai suke ba, wata gajera, wata ta kai gwiwa. A ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, a cika gora a famfunan garuruwa, a sa hula. Kada wanda ya saba da zafin gida ya raina ranar Yuli da Agusta a nan. Zafin bai kai namu ba, amma hawa ne ba hutawa, ga laimar teku, inuwa kuma kaɗan ce. A fara tafiya da ƙarfe bakwai ko takwas na safe, a gama kafin sha ɗaya. Hanyoyin suna da alamar fenti ja da fari a jikin duwatsu, in an daɗe ba a ga alamar ba an kauce, sai a koma baya. Lambar gaggawa 112 ce.

Mataki na huɗu: jirgin ruwa, in teku ta yarda

Masunta ne da manoma suka gina ƙauyukan suna fuskantar ruwa, don haka wanda bai gan su daga teku ba bai ga fuskarsu ba. Jiragen fasinja suna aiki daga wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Nuwamba, suna tasowa daga La Spezia, Lerici, Portovenere da Levanto, suna tsayawa a ƙauyuka huɗu. Corniglia ba ta da wurin tsayawar jirgi. Katin gandun bai ƙunshi jirgin ruwa ba, tikitinsa daban ake saya a rumfunan da ke bakin ruwa, ko na zango ɗaya ko na yini, kuma ya fi na jirgin ƙasa tsada da jinkiri.

Kada a sayi tikitin tun da wuri, a bari sai an ga yanayin ruwan ranar. Wuraren tsayawar, musamman a Riomaggiore da Manarola, duwatsu ne kawai da aka daidaita, jirgin yana kawo hancinsa ne a miƙo wata siririyar gada mai motsi da igiyar ruwa. In teku ta ɗan tashi, sai jirgin ya tsallake wasu garuruwan ko a soke zirga-zirgar yinin gaba ɗaya, ko da rana na haskawa. Saboda haka kada a jingina komawa masauki ko kama wani jirgin a kan jirgin ruwa na ƙarshe, wanda ma yakan tashi tun kafin magariba. Mai keken guragu, da mai keken jariri, da wanda jiri ke ɗiba a ruwa, su yi tunani kafin su shiga. In an taso daga Monterosso an nufi Riomaggiore, gaɓar tana hannun hagu, can za a nemi wurin zama; in an juyo, hannun dama. Mai isasshen lokaci ya zarce har Portovenere, wadda jirgin ƙasa ba ya zuwa, ya dawo La Spezia da bas ko da jirgin ruwa.

Yadda za a haɗa su a kwana biyu

Ana iya taɓa ƙauyuka biyar a yini ɗaya, kuma da yawa suna yi, amma abin da suke gani shi ne tashoshi biyar da ƙeyar mutane. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna sauke dubban fasinjoji a La Spezia, su kuma suna cika jiragen ƙasa daga wajen ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Ga tsarin da ke kauce wa wannan. Ranar farko a shiga jirgin sassafe zuwa Monterosso, a taka zuwa Vernazza, a ci abinci a huta a can. Da rana, lokacin da tasha ta cika maƙil, a shiga jirgin ruwa zuwa Manarola ko Riomaggiore, a zauna har rana ta faɗi cikin teku, a koma masauki da jirgin ƙasa, wanda ke aiki har dare. Rana ta biyu a fara da Manarola, a hau bas zuwa Volastra, a taka zuwa Corniglia, a sauko Lardarina, a shiga jirgi zuwa Riomaggiore don gurbin Via dell'Amore da aka kama na yamma.

Abinci a hanya ba wuya. Akwai burodin focaccia na man zaitun, da farinata, wani fanke na garin wake da ake gasawa a tanda, da taliya mai miyar ganye da ake kira pesto, da soyayyen kifi a cikin takarda, musamman ƙananan kifayen Monterosso. Musulmi ya tambaya ko akwai "maiale", wato naman alade, ko "strutto", kitsensa, ko "vino", giya, a cikin abin da zai saya. Babu masallaci a ƙauyukan, don haka a tsara salla da masauki ko a nemi keɓaɓɓen wuri a saman gari, tare da sauƙin da aka yi wa matafiyi.

Watannin Mayu da Satumba sun fi daidaito tsakanin yanayi da taro, in an kauce wa ƙarshen mako da ranakun hutun Italiya irin su 25 ga Afrilu, 1 ga Mayu da 2 ga Yuni. Oktoba da Nuwamba ne ruwan sama ya fi ƙarfi, lokacin ne kuma aka fi rufe hanyoyi. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris jiragen ruwa ba sa aiki, jiragen ƙasa suna raguwa zuwa ɗaya ko biyu a sa'a a farashin da aka saba, shaguna da yawa suna kulle, rumfunan duba kati kuma babu kowa a cikinsu, sai dai rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, don haka duk tafiyar ƙafa a gama ta kafin la'asar.